Man Ƙamshin Tsirrai da Murar Infuluwenza: Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya da Yadda Ake Amfani da Shi Lafiya

Man da ake magana a kansa a nan shi ne wanda ake samu idan aka tura tururi ta cikin ganye, ɓawo ko furen tsiro, aka sanyaya tururin, man ya rabu da ruwan aka kwashe shi. Sai an tara ganye mai yawan gaske kafin a cika 'yar ƙaramar kwalba, shi ya sa ɗigo ɗaya yake da ƙarfin da ba a zato. Masu tallarsa kan ce man ti-tiri, na yukaliftus, na kirfa da na kanumfari suna kashe ƙwayar infuluwenza. Maganar tana da tushe, sai dai tushen a ɗakin gwaje-gwaje yake. A jikin ɗan Adam, abin da aka tabbatar wasu daga cikinsu suna yi shi ne rage wahalar toshewar hanci da tari. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan bambanci aka gina su.

Kafin a buɗe kwalba

Infuluwenza daban take da murar yau da gobe. Ita takan faɗo wa mutum farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi da tsoka, ciwon kai, busasshen tari da kasalar da ke kwantar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana jawo rashin lafiya mai tsanani ga mutum miliyan 3 zuwa 5 a shekara, tana kuma kashe tsakanin 290,000 da 650,000 ta hanyar matsalar numfashi.

Saboda haka matakin farko shi ne a duba ko wane ne majiyyacin. Idan ya kai shekara 65, ko yaro ne da bai kai 5 ba, ko mai juna biyu ko sabuwar mai jego, ko mai asma, ciwon sukari, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, sikila ko raunin garkuwar jiki, to likita za a nema tun ranar farko. Dalili kuwa, maganin da aka tabbatar yana daƙile ƙwayar, wato oseltamibir da ake sayarwa da sunan Tamiflu, ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu. Babba yana shan miligiram 75 sau 2 a rana har kwana 5. Kwana biyun da aka ɓata ana jiran mai ya yi aiki su ne kwanakin da maganin ya fi amfani a cikinsu, kuma wannan ita ce babbar ɓarnar da dogaro da man ƙamshi yake yi, ta fi ƙunar fata da sauran illolin da za a ambata.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Ƙwayar infuluwenza tana lulluɓe da wani tantani na kitse, a jikinsa akwai furotin iri biyu da ake yi wa laƙabi da H da N, daga nan sunaye irin H1N1 da H3N2 suka fito. H ne yake manne wa ƙwayar halittar da ke shimfiɗe a hanyar numfashi. Ƙwayar halittar sai ta haɗiye baƙuwar cikin wata 'yar jaka, cikin jakar ya yi tsami, tsamin ya sa ƙwayar cutar ta kwaɓe lulluɓinta ta saki kayan gadonta. N kuma shi ke yanke sababbin ƙwayoyi su fita su kama wasu. Wannan N ɗin ne oseltamibir yake toshewa. Sinadaran man ƙamshi ƙanana ne, suna narkewa a kitse, don haka ba abin mamaki ba ne su taɓa wannan tantani ko su dagula aikin jakar.

A 2009 da 2011 masu bincike a Jami'ar Kataniya ta Italiya sun gwada man ti-tiri a kan wani nau'in H1N1 na ɗakin gwaji da aka raina a ƙwayoyin ƙodar kare. Kashi 0.0006 cikin 100 na man ya rage hayayyafar ƙwayar da rabi, yayin da sai an kai kashi 0.025 kafin ya kashe rabin ƙwayoyin halittar kansu. Sun gano cewa man bai hana mannewa ba, bai kuma toshe N ba. Tsamin cikin jakar ya rage, kuma sai an zuba shi cikin awa 2 na farkon kamuwa yake tasiri. A 2007 wani bincike a Japan ya nuna sinamaldehid, babban sinadarin ɓawon kirfa, ya rage mutuwar ɓerayen da aka sa wa cutar. A 2014 masu bincike a Kanada sun nuna cewa turirin man bagamot (wani ɗan dangin lemo) da na yukaliftus, da na yujinol wanda shi ne jigon man kanumfari, ya kashe kaifin ƙwayar cikin minti 10, na kirfa da na ciyawar lemo kuma cikin minti 30.

Duk wanda ya ci karo da irin wannan sakamako, akwai abubuwa uku da zai auna. Na farko, a ina aka yi gwajin: a farantin ɗakin gwaji, a ɓera, ko a mutum? Kusan duk abin da ake da shi a kan infuluwenza a faranti ne da ɓera. Na biyu, tazarar da ke tsakanin adadin da ke hana ƙwayar cuta da adadin da ke kashe ƙwayar halitta. A gwajin Italiya, idan aka raba 0.025 da 0.0006 za a sami kusan 40, wanda tazara ce mai kyau. Inda tazarar ta zama 2 ko 3, mai yiwuwa man ƙwayoyin halittar ya jigata, ƙwayar cutar ta rasa inda za ta hayayyafa, aka ɗauka magani ne. Na uku, ko yanayin gwajin yana yiwuwa a jiki. Sharaɗin awa 2 na nufin awa 2 daga shigar ƙwayar cikin ƙwayar halitta, alhali mutum ba ya jin alama sai bayan kwana 1 zuwa 4, lokacin da ƙwayar ta riga ta bazu. Gwajin turiri kuma a ƙaramin rufaffen mazubi ake yin sa. Idan aka ɗiga ɗigo 5, kusan miligiram 200, a ɗaki mai mita 4 da 4 da tsayin mita 3, ko da duk ya tashi lokaci guda bai fita ta taga ba, abin da ke cikin kowace mita kubik ɗaya ta iska bai wuce miligiram 4 da ɗan ɗoriya ba. Wannan ya isa a ji ƙamshi, amma babu hujjar cewa yana tsabtace iska daga ƙwayar cuta.

Akwai wani ruɗani da ya yaɗu game da anis mai siffar tauraro, wani kayan ƙamshin girki. Gaskiya ne daga 'ya'yansa aka daɗe ana ciro sinadarin shikimik da ake fara haɗa oseltamibir da shi. Amma sinadarin ba ya bin tururi, don haka babu shi a cikin man, kuma ko shi kansa sai ya bi matakai masu yawa a masana'anta kafin ya zama magani.

Zaɓen mai

A duba sunan tsiron na Latin a jikin kwalba, domin suna ɗaya na kasuwa yakan rufe tsirrai daban-daban. Ti-tiri na gaske shi ne Melaleuca alternifolia, ɗan asalin Ostireliya, kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 4730 ya ce sinadarin tarfinen-4-ol a cikinsa ya kasance tsakanin kashi 35 da 48 cikin 100. Yukaliftus na magani shi ne Eucalyptus globulus, mai siniyol aƙalla kashi 70. Na'a-na'a shi ne Mentha piperita. A kirfa, a tantance ko na ɓawo ne ko na ganye: na ɓawo sinamaldehid ne ya fi yawa, na ganye kuma yujinol, kuma ba su da iyakar amfani ɗaya. Idan aka rubuta cewa man turare ne ko na ƙamshin ɗaki, haɗin masana'anta ne, ba na shafawa ko shaƙa ba.

Kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu, da marfi mai ɗigarwa, da ranar haɗawa ko lambar rukuni. Akwai ɗan gwaji mai sauƙi: a ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda a bar shi ya kwana. Man yukaliftus, ti-tiri da na'a-na'a na gaskiya sukan bushe ba tare da barin tabon maiƙo ba. Tabo mai maiƙo na nuna an sirka da man girki. Gwajin ba ya kama sirki da barasar sinadari ko sinadaran ƙamshi na roba.

Iska, zafi da haske suna sauya man. Ti-tiri da mai na dangin lemo su suka fi saurin lalacewa, kuma tsohon man ti-tiri ya fi sabo jawo borin fata nesa ba kusa ba. A rubuta ranar buɗewa, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, a daina shafa shi bayan shekara ɗaya. Idan ya yi kauri ko warinsa ya juya, a zubar.

Sirkawa da shafawa

Ba a shafa shi tsagwaronsa. Ana sirka shi da mai mai laushi irin man zaitun, man kwakwa ko man almon. Ruwa ba ya sirka shi, ware kansa yake yi. Lissafin yana tafiya ne a kan cewa mililita 1 kusan ɗigo 20 ne, duk da cewa wasu marafan kan ba da har 30. A ƙaramin cokali, wato mililita 5, ɗigo 1 ya ba da kashi 1 cikin 100. A mililita 30, wato babban cokali 2, ɗigo 6 ne kashi 1, ɗigo 12 kashi 2.

Ga babba mai lafiyar fata, haɗin ƙirji na kashi 2 ya wadatar: mililita 30 na man sirki, ɗigo 6 na yukaliftus, 4 na ti-tiri, 2 na na'a-na'a. A zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, a girgiza, a rubuta abin da ke ciki da rana. Kafin a shafa a ƙirji, a gwada kaɗan a cikin damtse a jira awa 24. Idan babu ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje, sai a shafa kamar rabin ƙaramin cokali a ƙirji da bayan kafaɗa, sau 2 ko 3 a rana, na 'yan kwanakin da alamu suka yi tsanani. A wanke hannu nan take, domin yawancin haɗarin ido daga yatsa yake zuwa. Tsofaffi da masu fata mai saurin bori su tsaya a kashi 1.

Wasu daga cikin man da suka nuna ƙarfi a faranti suna cikin waɗanda suka fi cin fata. Iyakar da masana suka ba da ga man ɓawon kirfa a fata kusan kashi 0.07 ne, wato ɗigo 1 a mililita 70. Kanumfari kashi 0.5, ɗigo 3 a mililita 30. Ciyawar lemo kashi 0.7. A ganinmu waɗannan uku ba su da gurbi a haɗin ƙirji, tunda ba su ƙara sauƙin numfashi, haɗarinsu kuma ya fi amfaninsu. Bagamot da aka matse daga ɓawo yana da tasa matsalar: idan ya wuce kashi 0.4 aka fita rana cikin awa 12, fata na iya ƙonewa ta bar baƙin tabo na watanni.

Idan fata ta fara zafi, a shafa man sirki tsagwaro a goge da tsumma, sannan a wanke da sabulu. Ruwa kaɗai baza shi yake yi. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, a je asibiti idan zafin bai lafa ba.

Ya kamata a san me ake samu daga wannan shafawa. Mantol, babban sinadarin man na'a-na'a, yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a hanci, mutum ya ji kamar iska na wucewa sosai, amma da aka auna, faɗin hanyar iskar bai ƙaru ba. Wannan jin sauƙin ba abin rainawa ba ne ga wanda toshewar hanci ta hana barci. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010 a kan yara 138 'yan shekara 2 zuwa 11 ya nuna man shafawa mai kafur, mantol da yukaliftus ya rage tarin dare ya kuma gyara barci bisa shaidar iyaye, sai dai da yawa cikin yaran sun ji zafi a fata, ido ko hanci. Kwanakin cutar ba sa raguwa da shi.

Shaƙa

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci: ɗigo 1 ko 2 a kan tishu ko auduga, a riƙe tazarar taƙi ɗaya daga hanci, a ja numfashi a hankali sau 4 ko 5. Da dare a ajiye a gefen gado, ba a kan matashin da ido zai goga ba.

Sirace na manya ne kawai. A tafasa ruwa lita 1, a sauke a bar shi ya huce na minti 5, a zuba a kwano mai faɗin gindi a kan tebur, ba a cinya ba, ba a kan gado ba. Ɗigo 1 ko 2 sun isa. A rufe ido, fuska ta yi nisan santimita 30, a lulluɓa da tawul na minti 5 zuwa 10. Masu zuba ɗigo 10 suna gamuwa da tari mai sarƙewa da hawaye, domin zafi yana tayar da man gaba ɗaya a minti na farko. Tururi ba ya kashe ƙwayar da ke cikin hanci, kuma binciken da aka tattara a kan mura bai nuna fa'ida tabbatacciya ba, alhali ƙunar ruwan zafi a cinya da ƙirjin yara abu ne da sassan kula da ƙuna suka saba gani. Kada a ɗiga man a tukunyar da ke kan wuta, yana kamawa.

Na'urar fesa ƙamshi mai ruwa: ɗigo 3 zuwa 5 a mililita 100, a kunna minti 30 a kashe, ƙofa ko taga a buɗe. Ba a barin ta kwana tana aiki a rufaffen ɗaki. A zubar da ragowar ruwa a goge kullum, domin ruwan da ya kwana yana tara bakteriya da fumfuna, na'urar kuma ta watsa su. Mai asma ya nisance ta, haka jarirai, kyanwa da tsuntsayen gida.

Abubuwan da ba a yi

Ba a sha, ko da a ruwa ko zuma. A Jamus akwai ƙwayoyin siniyol da aka auna aka lulluɓe don su narke a hanji, ana ba da su ga kumburin bututun huhu da toshewar kogon hanci, amma wannan magani ne mai rajista, ba daidai yake da ɗiga man kwalba a kofi ba. An sami rahoton mutuwa bayan shan man yukaliftus da bai cika ƙaramin cokali ba, kuma mililita 2 zuwa 3 na iya sa yaro magagi ko jijjiga. Man kanumfari yana lalata hantar yaro. Kafur yana jawo jijjiga, shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kayyade shi a kashi 11 cikin 100 a kayan shafawa. Man tsiron wintagirin kusan gaba ɗayansa dangin asfirin ne: ƙaramin cokali ɗaya ya kai ƙwayar asfirin ta manya 21. Yaro ko matashi mai infuluwenza ba a ba shi dangin asfirin saboda cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, kuma yana iya zubar da jini ko da shafawa ya yi.

Ba a cusa mai ko man shafawa cikin hanci. Maiƙon yana gangarawa huhu kaɗan-kaɗan, musamman a barci, huhu kuma ba ya iya fitar da shi, sai ya zama ciwon huhu na maiƙo.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a shafa masa ba a kuma sa shi shaƙa. Mantol da siniyol kusa da hancin jariri na iya sa maƙogwaro ya shaƙe ko numfashi ya tsaya, kuma a jariran da ke da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, an danganta mantol da kafur da fashewar jini da shawara. Ƙasa da shekara 6 a bar haɗin gida na yukaliftus da na'a-na'a. Daga nan zuwa sama, kashi 0.5 zuwa 1 a baya, ba a fuska ba. Mai juna biyu da mai farfaɗiya su tambayi likita tukuna.

Ba a kuma dogara da shi wajen goge wuri. Ƙwayar na iya rayuwa awa 24 zuwa 48 a kan ƙarfe da roba, ƙasa da haka a kan tufafi da takarda. Ɗigon mai a kwalbar ruwa ba ya gauraya, feshi ɗaya ruwa ne zalla, na gaba mai zalla. Abin da ke aiki: sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 a hannu, barasar tsabtace hannu mai ƙarfin kashi 60 zuwa 70, ko bilic mai kashi 0.1, wato mililita 20 na bilic mai kashi 5 a mililita 980 na ruwa, a bar shi minti 1 kafin a goge. Kariyar da aka tabbatar kafin kamuwa kuwa allurar rigakafi ce ta kowace shekara.

Idan abu ya ɓaci

A bar komai a tafi asibiti idan numfashi ya yi wuya ko sauri, ƙirji na ciwo, leɓe ya yi duhu, mutum ya rikice ko ya kasa farkawa sosai, fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya sauka ya dawo da tari mai tsanani, wanda sau da yawa alama ce ta bakteriya sun biyo baya a huhu.

Idan yaro ya haɗiyi man, kada a sa shi amai, domin man da ya dawo yana faɗawa huhu ya ƙona shi. Kada a ɗura masa madara, ruwan gishiri ko wani mai. A goge bakinsa, a cire tufafin da man ya jiƙa, a kwantar da shi a gefe idan yana magagi, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasa, saboda alamun yukaliftus da kafur sukan bayyana cikin minti 30 zuwa 'yan awanni. A tafi da kwalbar, a faɗa wa likita ƙarfe nawa abin ya faru da kimanin mililita nawa suka ragu a ciki.